Mako Biyar a Bakin Ƙofa

Akwai wata magana da kuke yawan yi a gidan nan wadda na gaji da jin ta. Duk sanda aka taru, ko suna ko Sallah, sai wani a cikinku ya ɗauko ta: wai Baba mutum ne mai hangen nesa, wai da Yayanku ya gama karatu a Kanada Baba bai tsare shi ba, ya ce masa ya zauna can ya nemi na kansa. Har Umaru na ji yana ba 'ya'yansa labarin yana ƙara masa gishiri, sai ka rantse yana wurin aka yi. To ku buɗe kunne. Ba haka aka yi ba. Na daɗe ina karɓar yabon da ba nawa ba ina gyaɗa kai, yanzu kuwa gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, ba na son in tafi da wannan abu a wuyana.

Bari in fara da abin da kuka sani amma ba ku san nauyinsa ba. Yayanku ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. A gidanmu, kamar yawancin gidajen Fulanin Muri na wancan zamani, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Semteende muke cewa, wato kunya. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma a Abbare, sai da ta rasu ya dawo hannunmu yana ɗan shekara goma sha biyu. In ina son ya yi wani abu sai in ce wa Innarku, "A gaya wa wancan ya je kasuwa," alhali yana tsaye a tsakar gida yana ji na. Ranar da sakamakon jarrabawarsa ya fito ya zo na ɗaya, ɗaki na shiga na rufe ƙofa na yi murnata ni kaɗai, sannan na fito na ce a gaya masa kada ya yi girman kai. Ba wanda ya ga aibun wannan. Ni ma ban gani ba, don haka nawa uban ya yi mini, kuma ban taɓa zaton ba ya so na ba.

Innarku ce ke ɗaukar magana daga bakina ta kai masa, ta ɗauko tasa ta kawo mini, kuma na tabbata tana gyara ta a hanya. Yana shekara ta biyu a Kanada Allah ya karɓi abarsa. Sai da aka share makoki, mutane suka watse, sannan na gane abin da na rasa bayan ita kanta: babu sauran wanda zan ce wa "a gaya wa wancan". Wasiƙunsa da a da yake rubuto wa Inna, Dija ta karanta da ƙarfi ni kuma ina bayan labule ina yi kamar ina neman wani abu, suka koma zuwa da sunan "gida baki ɗaya", gajeru, gaisuwa da labarin sanyi. Goggonku Dudu ta baro gidanta ta zo ta riƙe ku. Kun san bakinta. Da yamma in na dawo aiki sai in tarar da gidan cike da murya, ita tana faɗa da ku a kan wanke-wanke, Umaru yana kukan an ci masa ƙosai, rediyo yana nasa. Ni sai a kai mini akushi ɗaki, in ci rabi in ture. Gida cike da mutane, amma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na shekarar nan ba.

"Hamma, kai dai ka zama kujera a gidan nan," in ji Goggonku, da sunan da ƙanwa ke kiran wanta a wurinmu. "Ko tari ka riƙa yi mu san kana ciki."

A lokacin ina riƙe da sito a ofishin wani shirin noma. Taki, iri, magani, tayoyin mota, duk makullansu suna ƙuguna, shi ya sa kowa ke kirana Baba Sito. A shekarar da soja suka miƙa mulki aka kawo wa ofishin layin tarho da ake haɗawa da kwamfuta, aka sa a ɗakin Madam Rifkatu, shugabar masu buga takardu. Mumuye ce daga wajen Zing, doguwa, mai murya kamar tana kiran wani a gona, kullum da gyaɗa a aljihun tebur. Hausarta irin tasu ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Shekara takwas muna aiki tare ba abin da ya haɗa mu sai takardar fitar da kaya. Ana nan sai wasiƙar Yayanku ta zo, a can ƙasa ya rubuta wasu baƙaƙe da lambobi marasa kan gado, ya ce in akwai mai kwamfuta a ofishin Baba a nuna masa. Sati biyu takardar tana aljihuna kafin na iya shiga ɗakin matar nan.

Ta duba ta kwashe da dariya.

"Baba Sito, wannan ai adireshin hira ne. Yaronka tana so ku yi magana."

"Magana kuma? Ta ina?"

"Ta nan. Kai ka rubuta, shi ya gani yanzu-yanzu, ya rubuta, kai ka gani."

Ta yi mini bayani, ni kuma ga yadda na fahimce shi. Wani kamfani ne a ƙasar Turawa ya gina wurin hirar, kowa yana da sunansa da kalmarsa ta sirri, ka ba da su a bakin ƙofa a bar ka ka shiga. Kamfanin yana da nasa furogiram da yake so kowa ya shiga da shi, amma namu injin tsoho ne, layin kuma sai ya je Legas ya dawo. In aka sa na kamfanin sai injin ya yi ta nishi yana ƙoƙarin jawo hotunan talla har layi ya yanke. To ƙanen Madam da ke Jos ya aiko mata da wani ɗan ƙaramin furogiram a faifai, wanda wani bawan Allah ya rubuta don kansa ya raba wa duniya. Ba ɗan kamfanin ba ne. Ba mu san sunansa na gaskiya ba, ba mu san ƙasarsa ba. Nasa ba hoto, ba ado, rubutu ne zalla, kuma shi ne kaɗai tsohon injinmu ke iya ɗauka. Darakta ya yarje wa ma'aikata rabin awa a kan injin bayan tashi. Ƙarfe huɗu na yammacinmu hantsi ne a can, don haka in na yi La'asar sai in wuce ɗakin Madam.

Ranar farko injin ya yi ƙararsa ta neman layi, ya yi shiru, sai wani suna ya haska a gefe.

"Ga shi nan, yana ciki," in ji Madam. "Ka yi magana."

"Me zan ce?"

"Kai ne ubanta, ni zan gaya maka?"

Ita ta buga mini sallamar. Kafin in gyara zama amsa ta fito: "Wa alaikumus salam. Baba, kai ne?" Na zauna ina kallon kalmomin nan uku na ƙarshe kamar ban iya karatu ba. Yaron nan bai taɓa yi mini tambaya kai tsaye ba tun da aka haife shi. Madam ta ja kujerarta baya, ta nuna mini inda kowane baƙi yake, ta kwashi gyaɗarta ta fita baranda. Daga ranar haka take yi, ban roƙe ta ba. Allah ya saka wa matar nan.

Da yatsa ɗaya nake bugawa, ina neman baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kwanakin farko gaisuwa ce kawai irin tamu ta Fulani, jam na, jam, ya sanyi, ya yara. Sai wata rana ya rubuto, "Baba, yaya Inna ta rasu? Ba wanda ya gaya mini sosai." Na duba ƙofa, ba kowa. Na duba injin, ba ido a jikinsa, ba fuska, ba muryar da za ta sa in kau da kai. Sai na fara rubutu. Na gaya masa daren da zazzaɓin ya tashi, da abin da ta ce a kansa, da inda aka sa ta. Rabin awa ya ƙare ban gama ba, washegari na ci gaba. Na yi wa kaina fatawa cewa kunya ta baki ce da ido, yatsa kuwa magabata ba su ce komai a kansa ba, tunda ba su san za a yi wannan zamani ba. Da wannan fatawa har sunansa na rubuta, sunan mahaifina, baƙi bayan baƙi.

Wata huɗu muka yi haka. A cikinsu na san ɗana. Ashe mai barkwanci ne, ashe ba ya son kifi, shekara da shekaru ana zuba masa yana ci don kada a ce. Na gaya masa labarin ranar jarrabawa da rufe ƙofa. Shi kuma ya gaya mini abin da har yau in na tuna sai na tashi daga inda nake zaune. Ya ce lokacin yana wurin kakarsa a Abbare, kowace safiya yakan je ya laɓe a bayan wata bishiyar darbejiya a bakin hanya don ya ga wucewata a kan keke. Shekara nawa ina bin hanyar nan, ban taɓa waiwayawa ba. A gida Goggonku ta fara cewa, "Hamma, wa ke dafa maka abinci a ofis? Na ga kumatu." Ban gaya mata ba. Ban gaya wa kowa ba, abina ne ni kaɗai.

A cikin watannin nan sau biyu ƙofa ta rufe. Za mu ba da suna da kalmar sirri, injin ya yi jim, sai wani ɗan akwati ya fito ya ce an ƙi. Karon farko na ɗauka laifina ne, ko na taɓa wani abu. Madam ta ce a'a.

"Masu gidan ne sun canja kwaɗo. Ba su so mutum ya shiga da makulli na waje."

Ashe kamfanin ya gane akwai masu shigo masa da furogiram ɗin da ba nasa ba, ba sa ganin tallarsa, sai ya canja irin tambayar da babbar na'urarsa ke yi a bakin ƙofa, yadda nasa kaɗai zai san amsa. Shi kuma bawan Allahn nan sai ya zauna ya gano sabuwar tambayar, ya gyara nasa, ya sa a inda kowa zai ɗauka. Madam ta jawo gyaran ta layi, mu koma ciki. Su canja, ya yanka sabo, haka suke ta yi. Ni mai riƙon sito ne, in na kama wani ya yanka makullin sitona sai mun kwana gaban hukuma, don haka a zuciyata na san masu gida suna da tasu hujja. Amma ƙarya nake in na ce ban sa mai yankan makullin nan a addu'a ba. Duka karo biyun kwana biyu-biyu aka yi aka buɗe. Wannan ne ya ruɗe ni, na ɗauka abin kullum haka zai tsaya.

Ranar wata Alhamis, damina ta yi nisa, ina shiga na tarar yana jirana. Ya ce ya gama, sakamako ya yi kyau, kuma wani wuri a can sun ba shi aiki, suna son ya sa hannu kafin ƙarshen wata mai kamawa. Na rubuta Alhamdu lillahi. Sannan rubutu ya fito:

"Baba, ba izini nake tambaya ba. Na san za ka ce in yi abin da ya fi. So nake in ji ko kana son in dawo. In ka ce kana so, zan dawo."

Amsar tana bakina tun kafin in gama karantawa. Ina so. Ina son in ji takunsa a zaure, ina son in ga wanda zai zauna gefena ranar Juma'a, ina son in gwada ko abin da yatsa ya iya baki ma zai koya. Baƙaƙe nawa ne? Ko da yatsa ɗaya ba zai kai minti guda ba. Amma sai dattijon da ke cikina ya miƙe. A wurinmu babba ba ya amsa babbar magana nan take, sai a ce ba shi da nauyi, dole ya ce zai yi tunani ko da ya gama tunaninsa tun bara. Kuma, in faɗi gaskiya, na so in riƙe tambayar nan kwana biyu in ji daɗinta, don ba a taɓa yi mini irinta ba. Juma'a rabin rana ce, Madam tana wucewa da wuri. Sai na rubuta masa, "Sai Litinin in Allah ya kai mu." Ya ce, "To Baba, ina jira."

Litinin tun kafin ladan ya kira La'asar na yi alwala. Na shiga ɗakin Madam da sabuwar riga, har ta ce ko ɗaurin aure za ni. Injin ya nemi layi ya samu. Muka ba da suna. Ɗan akwatin nan ya fito.

"Sun canja kuma," in ji ta. "Kada ka damu, Baba Sito, jibi."

Jibi ta zo, bawan Allah ya fitar da gyara kamar yadda ya saba. Madam ta fara jawo shi, ya kai kashi uku cikin huɗu, hadari ya taso, layi ya mutu. Washegari wuta ta ɗauke, janareta ba mai. Rana ta uku ya sake yankewa dab da ƙarshe, sai da muka shiga sati na biyu ya sauka cikakke. Muka sa shi, muka ba da suna, aka ƙi. Kafin namu ya iso ta wannan layi namu mai rarrafe, masu gida sun riga sun sake canjawa. Madam ta bugi tebur har gyaɗa ta watse. Daga nan kuma mai yankan makulli ya yi tsit. Kullum sai ta leƙa inda yake ajiye gyara, ba sabo. Ko ya gaji ne, ko an tsorata shi, ko shi ma yana da nasa uban da ba shi da lafiya, Allah masani. Muka gwada na kamfanin ko za a dace, injin ya daskare sai da aka kashe shi daga bango.

Ban fasa zuwa ba. Kowace rana bayan La'asar ina kan kujerar nan, in ba da suna, a ƙi, in sake, a ƙi, har rabin awata ta cika. Na san yana can a ɗaya gefen, ya shiga da na kamfani lafiya lau, yana kallon sunana a dushe. Shi bai san komai game da kwaɗo da makulli ba, ban taɓa ba shi labarin ba, don ina ganin ba abin ɓata rabin awa ba ne. Abin da ya sani kawai, ya tambayi ubansa ko yana son sa kusa, uban ya ce Litinin, daga nan ya ɓace. In na tashi sai in ƙi hawa babur, in tura shi ta cikin Kasuwar Jalingo don kada in isa gida da wuri. Akwai wani mai yankan makulli kusa da 'yan tireda, na taɓa tsayawa ina kallonsa yana goga ƙarfe har ya ce, "Alhaji, naka ya ɓata ne?" Na ce masa a'a, na wuce.

Kada ku ce ba wata hanya, don akwai, kuma Madam ta lissafa mini su tun a sati na biyu. Ta ce a aika wasiƙar kwamfuta. Amma akwatin ofis guda ne, sakataren Darakta ke buɗewa, yana buga duk abin da ya shigo a takarda ya ajiye a tire kowa ya gani. In rubuta wa ɗana ina son sa, amsa ta zo ta kwana a tire? Na ce a'a. Ta ce wasiƙar hannu fa? Wannan sai ta yi sati biyar ko shida a hanya, amma duk da haka na gwada. Na zauna da biro, abin da ya fito shi ne "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke", da nasiha a kan salla. A ɗakin Madam shi ke jawo ni da tambaya, ina amsawa kafin kunya ta farga. A gaban farar takarda ba mai jawo ni. Na yayyaga ta.

"To ka je ka buga waya," in ji Madam a sati na uku. Ranar ba dariya a fuskarta. "Baba Sito, wata yana karewa. Magana guda daya ne. Ka bude baki ka fada."

Na tafi gidan waya da rana tsaka. Na ba da lamba, na zauna a benci cikin mutane har aka kira ni. Ɗakin wayar katako ne da bai kai sama ba, duk wanda ke benci yana jin abin da kake cewa, kuma a cikinsu akwai mutum biyu da muke salla tare. Na yi ta maimaita maganar a zuci tun daga ofis. Aka yi ƙara, aka ɗauka.

"Salamu alaikum."

Muryarsa ce. Shekara huɗu ban ji ta ba, ta yi kauri, ta koma irin ta mahaifina sak. Nan take duk abin da muka gina a wata huɗu ya zube. Na ji na kau da kai, a cikin ɗakin katako, daga mutumin da ke wata duniya. Shi ma na ji ya koma yaron tsakar gida, muryarsa ta yi ƙasa.

"Lafiya?" na ce.

"Lafiya lau, Baba."

"Karatu an gama?"

"An gama, Baba."

"Madalla. Yara suna gaishe ka."

Sannan ya ce, a hankali, "Baba, maganar nan..."

Ga ƙofa a buɗe, ba kamfani, ba kwaɗo, ba wanda ya tsare ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Ka yi abin da ka ga ya fi maka alheri."

"To, Baba."

Ko injin ban ambata masa ba. Da na ce masa an rufe mana hanya ne, ba ƙin shiga na yi ba, da wataƙila ya gane sauran. Amma faɗin haka daidai yake da cewa kullum ina zuwa ina neman sa, bakina kuwa bai iya wannan ba. Na ajiye waya na fito, ɗaya daga cikin abokan sallar nan ya ce, "Ɗan namu lafiya?" Na ce lafiya lau.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce in ƙofa ta buɗe kafin wata ya mutu zan gyara da yatsa abin da baki ya ɓata. Sati na huɗu ya wuce ina ba da suna ana ƙi. A cikin na biyar ƙanen Madam ya aiko da saƙo cewa wasu mutane daban sun ɗauki aikin bawan Allahn nan sun ci gaba da shi, kuma ya sa sabon a faifai ya ba wani direban Jos. Ni da kaina na je tasha na karɓo, a naɗe cikin takardar burodi. Ranar biyu ga sabon wata ce. Madam ta sa, muka ba da suna, injin ya yi jim. Sai ga mu a ciki, sunansa yana haske. Ta tashi ta fita ko gyaɗar ba ta ɗauka ba.

Shi ya fara rubutu.

"Baba! Kwana biyu. Na sa hannu shekaranjiya."

Na rubuta, "Allah ya sanya alheri."

"Amin. Da na ga ba ka shigo ba na gane tambayar ta yi nauyi, bai kamata in yi maka ita ba. Ka yafe mini. Kuma na gode da ba ka tsare ni ba."

Na daɗe da yatsa a sama. Yanzu in na faɗa masa, me na yi? Ya riga ya ba mutane alkawari, sai dai in ɗora masa abin da zai hana shi barci a ƙasar da ba shi da kowa. Na rubuta, "Ba komai." Muka yi maganar sanyi da ta yara. Bayan wannan mun ci gaba da haɗuwa jefi-jefi, ana rufewa ana buɗewa, amma bai ƙara yi mini tambaya mai nauyi ba, ni kuma ban iya farawa. Da aikinsa ya kankama lokacinmu ya daina haɗuwa, hirar ta mutu da kanta.

Ranar da ya ce ya sa hannu, da na dawo gida na tsaya a tsakar gida na ce Yayanku ya sami aiki a can. Kuka yi ta tsalle, Goggonku ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Kai Hamma, ka yi ƙoƙari, wani uban da ya ce sai ya dawo." Daga bakinta labarin hangen nesa ya fara, ni kuma na shiga ɗaki aka kawo mini akushi.

Kun ga yadda muke in ya zo gida, shekara uku ko huɗu sau ɗaya. Ya durƙusa a bakin ƙofa da furfurarsa, in tambaye shi hanya, ya ce lafiya, in ce madalla, ya tashi ya tafi wurinku a yi ta dariya ina jiyowa. Ban ba shi izinin zama don hangen nesa ba. Ina son ya dawo, ranar Alhamis ɗin nan ina so, a gidan waya ina so, yau ma da ba sauran amfani ina so. Masu kamfani sun rufe mini ƙofa mako biyar, wannan gaskiya ne, kuma na daɗe ina jin haushinsu don ya fi sauƙi. Amma kwana huɗun farko ni na ba su da hannuna, minti ukun gidan waya kuma ba su da laifi a ciki.

Dija, ke ce za ki buga wannan labari a takarda, na san kuma ba za ki iya riƙe shi ba. Ki aika masa, na yarda. Amma ki gaya masa in ya karanta kada ya kira ni a waya, don na san kaina, zan tambaye shi aiki ne in ce yara suna gaishe shi. Ya rubuto. Har yanzu yatsan nan guda yana aiki.